Zuwa awa 7, dawowa awa 14? Yadda lissafin tafiyar Accra zuwa New York yake

"Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kejetia, ina zaune a Aboabo, nan Kumasi. 'Yata da ke aure a Bronx ta kusa haihuwa, kuma Allah ya sa na sami biza, zan je yi mata wankan jego a watan Yuli, in dawo a Satumba. Ejan ya turo mini tikiti biyu in zaɓa. Na farko, jirgi zai tashi daga Accra ƙarfe 10 na dare ya sauka New York ƙarfe 5 na asuba, awa 7 ke nan. Amma a dawowa zai tashi 11 na dare, sai ƙarfe 1 na rana zai iso Accra, awa 14. Ina yake tsayawa a dawowar da ba a gaya mini ba? Na biyun ya fi araha sosai, amma ta Dubai zai bi, ɗana ya lissafa ya ce kusan awa 30. Wai nisan wurin nan nawa ne, kuma wanne zan ɗauka? Ina fama da ciwon ƙafa da hawan jini, kuma ban taɓa tafiyar da ta wuce Makka ba."

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu. Tambayarki uku ce a dunƙule: nisan, da dalilin da ya sa dawowa ta ninka zuwa a takarda, da kuma wanda ya fi dacewa da jikinki cikin tikitin nan biyu. Sana'ata sayar da tikiti ce a Nima, kafin nan kuma na yi aikin awon kaya da duba takardun fasinja a filin jirgin Kotoka, to ta biyun nan na sha jin ta daga bakin iyayenmu. Ki kwantar da hankalinki, ejan bai ɓoye miki komai ba, kuma jirgin ba ya yada zango ko'ina. Abin da zai ba ki mamaki ma, zuwan da kike gani awa 7 shi ya fi daɗewa. Awa 11 ne. Dawowar da ta tsorata ki awa 10 ce.

Agogo biyu a kan tikiti ɗaya

Kowane tikiti a duniya, lokacin tashi ana rubuta shi da agogon garin da za a bari, lokacin sauka kuma da agogon garin da za a sauka. Ba a haɗa su a agogo ɗaya. Mu a Ghana muna kan GMT, wato agogon da ake auna lokutan duniya da shi, tunda layin Greenwich da ake fara ƙirga daga kansa ta Tema ya ratsa, kuma duk shekara ba ma taɓa agogonmu. New York tana can yamma, rana tana riga fitowa a wurinmu. A watannin da za ki yi tafiya suna bayanmu da awa 4. Daga Lahadin farko ta Nuwamba zuwa Lahadi ta biyu ta Maris suna mayar da agogonsu baya, tazarar ta zama awa 5.

To mu lissafa da agogon hannunki, kada ki taɓa shi. Kin tashi ƙarfe 10 na dare. Sa'ad da tayar jirgi ta taɓa ƙasa, ma'aikaciyar jirgi za ta ce ƙarfe 5 na asuba, agogonki kuwa zai nuna 9 na safe, an riga an buɗe shaguna a Kejetia. Daga 10 na dare zuwa 9 na safe awa 11. A dawowa, 11 na daren New York ƙarfe 3 na dare ne a Kumasi, daga 3 zuwa 1 na rana kuwa awa 10. Awa huɗun nan da aka ɗebe miki a zuwa su ne aka ɗora miki a dawowa, a takarda kawai. Kin ma taɓa ganin irinsa a hanyar Makka, sai dai can gabas ce, suna gabanmu da awa 3, shi ya sa zuwa yake yi wa alhazai kamar ya fi tsawo.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai, don na ga ya ci mutane kuɗi. Tikiti yana amfani da agogo mai awa 24, wato 22:00 shi ne 10 na dare, 13:00 kuma 1 na rana. Idan kika ga +1 kusa da lokacin sauka, washegari ake nufi. Wanda ya fi kayar da mutane shi ne jirgin da aka rubuta 00:30 na ranar Laraba. Wannan ran Talata da daddare ake fita gida. Na sha tsayawa a kanta mutum ya iso da akwatunansa da 'yan rakiya mota guda ran Laraba da daddare, jirginsa kuwa tun jiya ya tafi. Naki na 10 ne da 11, ba ki cikin wannan, amma idan aka canza miki lokaci ki sa ɗanki ya sake dubawa.

Nisan kansa

Tsakanin filin jirgin Accra da na JFK a New York kimanin kilomita 8,200 ne, mil 5,100 da ɗan abu. Accra zuwa Jidda kusan kilomita 4,600 ne, ke nan tafiyar nan ta kusa ninka wadda kika sani. Kumasi zuwa Accra ta sama kuwa kilomita 200 ne kacal, sai ki yi shi sau 40 kafin ki cike.

Hanyar ba kamar yadda taswirar bango take nunawa ba ce. Mai duba taswira zai zaci jirgi yana barin Accra ya faɗa kan teku ya miƙe. Duniya ƙwallo ce, kuma idan ɗanki ya sami ƙwallon duniya irin na makaranta ya miƙa zare daga Accra zuwa New York, zai ga zaren ya nufi arewa maso yamma, ya bi ta Kwadibuwa, ya wuce kusa da Bamako, sai a gaɓar Muritaniya ya shiga teku. Kusan kwatan tafiyar a saman Afirka ta Yamma ake yin ta. Wannan lanƙwasar ce kuma za ta sa in kin isa Bronx ki ga masallatai suna kallon arewa maso gabas, alhali a taswira Makka tana ƙasa da su. Kada ki ce sun ɓata alƙibla, daidai suke.

Jirgin fasinja mai dogon zango yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa, a tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. Idan aka raba 8,200 da wannan gudun za a sami awa 9 da 'yan mintoci. To ina sauran suka fito? Lokacin da ke kan tikiti ba na sama kaɗai ba ne. Yana farawa tun da aka tura jirgi baya daga ƙofa, bai ƙarewa sai an tsaya a ƙofar can an kashe inji. A Accra fita ba wuya, titin tashi ɗaya ne, jirage ba yawa. A JFK kuwa da daddare jirgi yakan yi rabin awa ko fiye yana bin layi kafin a ba shi izinin tashi. Hawa da sauka ma ba a yin su da cikakken gudu. Sannan matuƙi ba ya bin zaren nan sak: yana kauce wa hadari, wanda a yankinmu da damina ba ƙarami ba ne, kuma doka ta wajabta wa jirgi mai inji biyu kada ya yi nisa fiye da ƙima da filin da zai iya sauka idan larura ta taso, irin su Dakar, da Sal a Kef Bade, da tsibiran Azores, da Bermuda. Wani lokacin siyasa ce ma take tsawaita hanya, kamar a Agustan 2023 da Nijar ta rufe sararin samaniyarta bayan juyin mulki, jirage da dama tsakanin Turai da Afirka suka riƙa zagaye. Kamfanoni sun san duk wannan, sai su ƙara 'yan mintoci a jadawali don kada a ce sun makara. Shi ya sa za ki iya jin matuƙi ya sanar da awa 10 da minti 20 alhali tikiti ya ce 11. Duka gaskiya ne, abin da kowa yake aunawa ne daban.

Me ya sa zuwa ya fi dawowa da awa guda

Iska ce. A tsayin da jirage suke tafiya, musamman idan aka yi arewa, iska tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas kusan duk shekara, kuma akwai wani siririn zirin da take tsananta, wanda da hunturun can yakan wuce kilomita 300 a awa. Jirgi a cikin iska yake iyo, kamar kwalekwale a kogi: mai gangarowa da mai haurawa ƙarfin tuƙinsu ɗaya, amma ba za su iso tare ba. A matsayin misali, idan jirgi yana yin 880 kuma iska tana tura shi baya da 50, abin da yake ci a ƙasa 830 ne. Da ya juyo, iskar nan ta koma bayansa, sai ya ci 930. A kan kilomita 8,200 wannan bambancin kaɗai ya kai awa guda.

A hanyar Landan zuwa New York abin ya fi fitowa fili, don gaba ɗayanta cikin yankin iskar take. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar da aka kira Ciara, wani jirgin British Airways ya zo Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da aka saba yi a awa 6 da wani abu. Tamu hanyar rabinta a yankin zafi take, inda iskar sama ba ta da wannan ƙarfin, wani lokaci ma daga gabas take busowa, saboda haka tazarar tamu ba ta cika yin nisa da awa guda ba, kuma ta fi faɗi a Disamba da Janairu fiye da Yuli. Accra zuwa Landan kuwa, da yake kudu da arewa ne, zuwa da dawowa kusan ɗaya suke, awa 6 da rabi zuwa 7.

Za ki ji wasu suna cewa juyawar duniya ce take kawo garin kusa ko ta gudu da shi. Ba haka ba ne kai tsaye. Iska tare da ƙasa take juyawa, jirgin ma haka. In da hujjarsu ta tsaya, zuwa yamma ne zai fi sauri, ga shi kuwa shi ne mai daɗewa. Hannun da juyawar duniya take da shi a ciki shi ne tana daga abin da yake karkata iskar nan zuwa gabas.

Tikiti mai arahar nan

A nan nake so ki tsaya da kyau, don nan kuɗi da lafiya suke karo. Dubai tana gabas, New York tana yamma. Accra zuwa Dubai kilomita 6,300 ne, wajen awa 8. Dubai zuwa New York kilomita 11,000, wajen awa 14. Jimla kilomita 17,300, fiye da ninkin hanyar kai tsaye, awa 22 a zaune a kujera, sauran na jira a filin jirgi. Ɗanki bai yi kuskure ba. Bayan awa 8 a sama za ki sauka a wurin da ya fi Kumasi nisa da 'yarki.

Kada ki yi mamakin mai nisa ya fi araha. Kuɗin tikiti ba da kilomita ake yanke shi ba, kasuwa ce. Kujerun kai tsaye tsakanin Accra da Amurka ba su da yawa. A da jirgin kamfanin Pan Am sai ya biya ta Dakar da Monrobiya yake isowa, daga baya Ghana Airways ya riƙa zuwa New York da jirgi samfurin DC-10 har 2004, Delta ya fara a ƙarshen 2006, United kuma yana zuwa Washington. Yuli da Agusta da Disamba 'yan Ghana mazauna can suke zuwa hutu da iyalansu, kujeru su yi tsada. Kamfanonin da suke tara fasinja a babban filinsu kuwa sun san ba wanda zai yi zagaye don sha'awa, sai su sauke farashi.

Kuma ba duk sauyin jirgi ba ne zagaye. Ta Kasablanka a Maroko jimlar kilomita 9,000 ce, kusan a kan hanya take. Ta Landan wajen 10,600, ta Amsterdam 11,000, ta Istanbul 13,000. Idan kuɗin na farkon ya yi nauyi, ki ce wa ejan ya duba miki waɗannan kafin a tsaya a kan Dubai. Abin dubawa shi ne tsawon jiran da ke tsakani. Ga dattijuwa mai ciwon ƙafa ba na yarda da ƙasa da awa 2 da rabi, don filayen nan tafiyar cikinsu kaɗai aiki ce, kuma idan ya wuce awa 6 ya zama wahala. Ya kasance tikiti ɗaya ne tun daga Accra har New York, saboda in jirgin farko ya makara alhakin kamfani ne ya sa ki a wani, kayanki kuma su wuce ba sai kin ɗauka ba. Mai fasfon Ghana yakan buƙaci bizar ratse a Ingila da ƙasashen Turai, amma mai riƙe da bizar Amurka mai rai akan ɗauke masa. Ƙa'idar takan sauya, sai ejan ya tabbatar a makon da za a biya kuɗi.

In ni ne, uwata ce take da hawan jini da ciwon ƙafa, kuma karonta na farko ke nan, na kai tsayen zan saya ko da za a haɗa kuɗin da surukin. Ta Dubai ta yi wa matashin da yake da ƙarfi, yana jin Turanci, aljihunsa kuma ba nauyi. Jiragensu masu kyau ne, abincinsu halal, ba na kushe su. Tsawon ne bai dace da ke ba.

Daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida

Lissafin da nake yi wa fasinjana ba na awannin sama ba ne, daga fita gida ne zuwa ajiye jaka. Ke daga Aboabo za ki fara. Idan bas za ki shiga a Asafo, ki sa awa 5 zuwa 6, kuma kin san halin shigowa Accra ta Nsawam da Pokuase da yamma. Jirgin Amurka ana so ki isa Terminal 3 awa 3 kafin tashi, har da ƙari, don ana yin tambayoyi da binciken da ba a yi wa sauran. Sai awa 11. A JFK layin shige da fice da ɗaukar kaya da kwastan yakan ci awa 1 zuwa 2, daga nan zuwa Bronx a mota wajen awa guda idan hanya ta yi kyau. Kin ga an doshi kwana guda cur. Sa awa 30 na Dubai a madadin 11 ɗin nan, an wuce awa 40.

Jirgin Kumasi zuwa Accra minti 40 ne ko ƙasa, amma tikitinsa daban ne, kilon kayan da yake yarda da shi bai kai na Amurka ba, kuma idan ya makara kika rasa babban jirgin ba mai biyan ki. Shawarata ki sauko tun ana gobe, ki kwana wurin 'yan uwa a Nima ko Madina, ki huta, ki shiga jirgi da ƙarfinki.

Ki sa ejan ya rubuta miki taimakon kujera mai taya tun yanzu, kyauta ne. Iyayenmu mata da yawa suna ƙi, wai kada a ce sun gaza. Ba gazawa ba ce. Mai tura ki ya san hanya, zai kai ki gaban jami'i ba tare da kin yi awa a tsaye ba, ya taya ki ɗauko akwati. Ki nemi kujerar bakin hanya don ki riƙa tashi kina ɗan takawa bayan kowace awa biyu, ki yawaita shan ruwa, domin dogon zama yana kumbura ƙafa, wani lokaci har jini ya daskare a jijiya. Magungunanki su kasance a jakar hannu cikin kwalinsu, kada su shiga akwati. Yadda za ki daidaita lokacin shan maganin hawan jini da sabon agogo, da ko kina buƙatar safa mai matse ƙafa, wannan na likitanki ne, ki gan shi kafin tafiyar. Kayan jego kuma na san ba za a rasa ba, su yaji da kanwa da garin kunu. Duk abin ci ki bayyana shi idan an tambaye ki. Nama kuwa, ko kilishi ne, ki bar shi a gida, karɓewa za a yi, ɓoyewa kuma tana jawo tara da ɓata lokaci.

Game da salla, hukuncin ƙasaru da haɗawa da yin ta a zaune ki tambayi malaminki, ni lokutan kawai zan iya faɗa miki. Lokaci yana bin ranar inda kike, ba agogon hannunki ba. A zuwa za ki yi magariba da isha a Accra. Da yake yamma kuka nufa, dare zai yi ta bin ku, agogonki zai nuna 6 da 7 na safe waje yana baƙi ƙirin. A Yuli alfijir yana ketowa a New York wajen ƙarfe 4, ke nan asuba za ta same ki a sama dab da sauka. A dawowa daren gajere ne, wajen rabin tafiya gari zai waye, kuma tsakanin alfijir da fitowar rana ba shi da tsawo tunda kuna tunkarar ranar ne. Ma'aikatan jirgi sukan sa a rufe tagogi don masu barci, to ki riƙa ɗaga taki kaɗan kina leƙawa, ko ki roƙi na kusa da ita. Azahar a Accra za ki yi ta.

Kwanakin farko a Bronx barci zai riƙa kama ki tun magariba, ki farka ƙarfe 2 ko 3 na dare idonki garau, saboda jikinki yana nan a agogon Kumasi. Cikin kwana huɗu ko biyar yakan daidaita, kuma fita cikin hasken rana da la'asar yana taimakawa. Dawowa gabas ta fi wahalar sabawa ga yawancin mutane, kada ki sa ranar buɗe shago washegarin saukarki. Idan kuma 'yarki ta riƙe ki har kika wuce farkon Nuwamba, sabon tikitin zai nuna dawowar kamar awa 15. Ki cire 5.